Maƙwabcin Sabo

A Garwa na fara gane cewa Sabo bai san abin da ake kira nisa ba. Mun sauka daga mota, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi kogin Binuwai, ya ce, "Alhaji, Gabon ɗin ƙetaren ruwan nan ne?"

Na ce, "Ko zaure ba mu kai ba tukuna, kana tambayar turaka."

Sabo taubashina ne, ɗan gwaggona, manomi a Ɗanzomo. Kafin wannan tafiya iyakarsa kasuwar Maigatari ran Alhamis, sai Damagaram da ya taɓa raka wani mai raƙuma. Ni kuwa tun ina saurayi nake bin hanya. Na yi dakon goro a Kumasi, na sayar da agogo a Abijan, na zauna ɗinki a Umdurman kafin in sauke farali. Kowace ƙasa ta bar mini ɗan harshenta a baki: Faransanci, Fulatanci, Larabcin Sudan, da yaren Asante na Kumasi da zai ishe ni cinikin doya. Shekarar da riɗi ya ƙi a gonarsa, ga yara sun taso, Sabo ya ce zai bi sahun 'yan garinsu masu gasa tsire a Gabon. Gwaggo ta ce ba inda za shi sai da ni. Da ni ta yi magana, ba da shi ba.

"Hamisu, kai ka san hanya. Ka kai shi. In ya zauna, ka dawo ka gaya mini inda ka bar shi."

Daga Gaundare muka shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Da gari ya waye muka tsinci kanmu a cikin kurmi, Sabo ya manna fuska a taga ya ƙi cirewa. Shi mutumin rairayi ne, inda za ka hangi baƙo tun yana kamar ɗigon tawada. Nan kuwa itace ya rufe sama, ya rufe ƙasa. Ya ce, "To su a ina suke shanya gero?" Wata mata da ke kusa da mu ta ga ba mu da guzuri, ta miƙo mana rogon da suke kirɓawa su naɗe a ganye, su ɗaure shi tsaf da zare. Sabo ya juya shi, ya sake juyawa.

"Alhaji, wannan ci ake yi ko ratayawa?"

Ya ci, ya yi godiya da Hausa, ta amsa da yarenta, suka yi dariya kamar sun fahimci juna. Bayan nan ya koma kallon taga. Da na tambaye shi, sai ya ce ƙanshin furar Gwaggo ne ya bugo masa hanci haka kawai.

Kudu da Yawunde muka shiga ƙasar shingaye. Na saba da shinge. A Gana ɗan sanda zai yi maka barkwanci kafin ya karɓa, a Sudan sai ya ba ka shayi tukuna. Jandarman wannan hanya ba barkwanci, ba shayi. Zai dubi takardarka, ya dubi hularka, ya ce a buɗe jaka. A wani shinge aka ɗauke turaren da Sabo ya sayo don tsaraba. A na gaba aka ɗauke wuƙaƙen fawa da ya aro wurin surukinsa, wai makami ne. Ya tsaya a gefen titi yana kallon su a kan teburin jandarma, ya ce da ni, "Yanzu da haƙori zan yanka naman?"

Wanda ya yi mana babbar cuta kuwa da Hausa ya yi mana sallama. Na lura da wannan a ƙasashe da dama: in baƙo ya ji harshen uwarsa, sai hankalinsa ya tuɓe takalmi. A tashar Ebolowa muka gamu da shi, fes-fes, da carbi a hannu. Ya ce ya san hanyar kurmi da ba shinge har bakin iyaka. Ni da nake taƙamar sanin duniya na yarda. Ya sa mu a wata tsohuwar a-kori-kura, muka yi ta kutsawa cikin jar laka. Da la'asar ya sauke mu a wani ƙauye, ya ce mu jira babur, ya bi motar ya koma. Babur bai zo ba. Abin da ya zo shi ne labarin cewa motar katako ta kife a kan gadar da muka baro, ta karya ta. Ba gaba, ba baya.

Ƙauyen layi ɗaya ne a bakin hanya, gidajen katako da rufin kwano, ba katanga, ba zaure. A ƙofar kusan kowane gida akwai wani gini mai tsawon mutum, an shafe shi da farin tayil yana sheƙi. Sabo ya gaji, jikinsa ya fara zafi tun a mota. Ya nufi wanda ya fi kyau, ya ajiye buta, ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Kai, mutanen nan sun iya dakali."

Kafin in buɗe baki wata dattijuwa ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tana faɗa da yaren Fang. Na ce, "Sabo, tashi. Kabari ne." Ban taɓa ganin mai zazzaɓi ya yi tsalle irin wannan ba. Sai muka ji dariya daga baranda. Wani dogon tsoho ne a kujerar kwance, kai fari fat, ƙirji har yanzu na soja. Ya ce da Faransanci, "Ka ce masa ya koma ya zauna. Nawa ne. Mai shi bai shiga ba tukuna."

Na fassara. Sabo ya ce, "Ka ce masa na gode, amma ba na zama a kujerar da mai ita ke hanya."

Tsohon nan shi ne Papa Esono, matar kuma ƙanwarsa ce, Mama Roza, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Su a can dattijo yakan gina makwancinsa tun yana da rai, a ƙofar gidansa, yana shan iska yana kallonsa. Papa ya dube mu sama da ƙasa, ya gyara murya, ya ce da Hausa tsaf, "Sannu. Buɗe jaka. Kawo takarda. Mene ne a ciki?"

Sai ya ɗaga hannu, ya koma Faransanci. Ya ce iyakar Hausarsa ke nan, kuma na san inda ya koye ta. Jandarma ne shi, ya tsufa a kan shinge kafin ya yi ritaya. Ya ce mu shigo, akwai abin da zai nuna mana.

Ɗaki ne a bayan gida. Da ya buɗe ƙofa sai na ji ƙanshin kasuwar Maigatari a tsakiyar kurmi. Butoci, dardumai, barguna, kwalaben turare da suka bushe, takalman fata, wata rediyo, har da akushi. A kan wani akwati ga bandir na farin yadi, ko warware shi ba a yi ba. Ya ce duk na mutanenmu ne. Abin da ya ci ya ci, wannan shi ne abin da ya rage. Mu ɗauki abin da muke so.

Na ja Sabo gefe na ce kada ya taɓa komai. Na taɓa ganin irin wannan tarko a Abijan: a ba ka kaya da dama, a kama ka da hagu. Papa bai ji Hausar ba, amma ya karanci fuskata. Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ya zauna a kan akwatin, ya yi mini bayani, ni kuma son jin yadda mutane ke tafiyar da addininsu ya fi ƙarfin tsorona.

Ya ce makonnin nan da ke gaban Kirsimeti su wurinsu lokacin jira ne da shiri. Kowace Lahadi sukan ƙara kunna kyandir guda a coci, kowa ya share zuciyarsa kamar yadda ake share gida in babban baƙo na tafe. Shekarar da ya yi ritaya ya je wurin limaminsu, wanda suke ce wa Fada, ya zayyana masa duk abin da ya yi a kan shinge, yana kuka. Ya ɗauka shi ke nan. Sai Fada ya ce masa, "Hawayen na Allah ne, ya karɓa. Butar fa? Butar ta mai ita ce." Tun daga nan, in wannan lokaci ya zagayo, sai ya fito da kujera bakin hanya yana jiran mai hula. Masu kayan ba zai same su ba, ya ce, ko ɗan'uwansu ya samu ya rage.

Na ce masa abin mamaki, malamin da ya koya mini karatu a Gumel haka yake cewa: tsakaninka da Allah tuba ta isa, amma haƙƙin bawa sai ka mayar ko ya yafe. Papa ya gyara zama. "To in ba a san inda bawan yake ba fa?" Muka yi ta yi, shi da nasa, ni da nawa, har Mama Roza ta leƙo ta ce in mun gama raba Aljanna, ga baƙo can yana rawar sanyi.

Sabo bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Mama Roza, wadda ta kore shi da ludayi, ita ta yi jinyarsa. Ta dafa ɓawon itace mai ɗaci, ta yi masa turare da ganye. Da ya ce kunu yake so, na kwatanta mata, ta niƙa masara ta dama. Ya kurɓa ya ce, "Ka ce mata an kusa. Saura tsamiya da gero da Ɗanzomo." Papa ya aika aka zo da ma'aikaciyar lafiya a ƙafa daga wani ƙauye, ta yi allura, ta ce zazzaɓin ya riga ya hau kai, asibiti kuwa yana bayan karyayyar gada. Sabo yana kiran Papa da Kumandan. In tsohon ya shigo duba shi sai ya ce, "Kumandan, buɗe jaka," su yi dariya su biyu. Wata safiya da hantsi ina riƙe da hannunsa, ina maimaita masa kalmar shahada, ya amsa a hankali, ya cika.

A gida da yanzu an sanar, an haɗu, kafin azahar an kai shi. Nan kuwa ni kaɗai ne mai salla a duk faɗin kurmin da nake iya kaiwa. Mutanen ƙauye suka taru, suka yi mini ta'aziyya da gaske, sannan suka fara tsara abin da suka ɗauka shi ne mutunci. Za a jira a gyara gada, a kai shi ɗakin sanyi na ajiye gawa a birni, a yi takardu, a jira dangi su zo ko da wata nawa ne, a saya masa kwat da takalmi. Da na ce yau nake so in binne shi, sai suka dubi juna. Wata tsohuwa ta tambaya ko wani laifi ya yi mini da nake gaggawar rabuwa da shi. Na ce mu a wurinmu gaggawar ita ce girmamawa, mamaci baƙo ne da ake jira a wani wuri, ba a tsare shi a hanya. Papa ya fassara musu da Fang. Suka jinjina kai, ba don sun gamsu ba, sai don sun ga ba zan canja ba.

Mai garin ya ce to, amma a ina? Ba su da maƙabarta. Kowa a ƙofar gidan ubansa yake kwance, kuma inda aka binne mutum, nan ya zama ƙasar danginsa har abada. Ba wanda zai sa baƙo a ƙasarsa, gobe 'ya'yansa su zo su ce ga kabarin ubanmu. Kurmin ma da nake gani kamar ba mai shi, kowace bishiya da gidan da take bi.

Na koma ɗaki na zauna kusa da Sabo. Maganar Gwaggo ce kawai ke yawo a kaina. Me zan ce mata? Na bar shi a cikin ƙanƙara a garin da ban san kowa ba, da lamba a ɗaure a ƙafa?

Papa ya shigo rungume da bandir ɗin farin yadin nan. Ya san muna naɗe mamaci a fari, ya gani a arewa. Fuskarsa har da ɗan haske, kamar wanda ya ga ranar da ya daɗe yana jira. Na dubi yadin, na dube shi. Na so in karɓa, Allah ya sani.

Na ce, "Papa, ba zan iya ba. Wannan na ƙwace ne. Ba zan aika ɗan'uwana gaban Ubangiji da rigar da mai ita bai yafe ba."

"Ai mayarwa nake yi."

"Ba na Sabo ba ne, balle ka mayar masa. Ba naka ba ne, balle ka ba shi."

Ya tsaya kamar na mare shi. Ya juya ya fita. Ta taga na ji ya kira ƙanwarsa, yana nuna mata filin da ke gefen bishiyar fiya, daf da kabarinsa, don a binne Sabo. Suna magana da Fang, amma da ta fusata sai ta juya Faransanci, ina jin don in ji.

"Na yi masa jinya kamar ɗan cikina, kuma zan sake yi. Amma filin nan na ubanmu ne, da ni da jikokina a ciki. Kai ka tsaya a shinge, ba mu ba. Ka tuba da kayanka, Esono. Kada ka tuba da namu."

Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Na fito da sauri. Papa ne da guduma, ya tuɓe riga, yana fasa farin tayil ɗin kabarinsa. Wannan wuri kaɗai ne dangi suka riga suka yanka masa, nasa ne shi kaɗai. Mutane suka taru, ba wanda ya riƙe shi. Na ce, "Papa, kai fa?"

Ya tsaya yana haki. "Ai shi ya zaɓa. Yana zuwa a kai ya zauna."

Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ƙunshi. Farin yadi ne da ya saya da kuɗin fanshonsa, ya ajiye don a shimfiɗa masa a akwatin gawa. Ya ce, "Wannan fa? Ko shi ma sai an ga takarda?" Na karɓa da hannu biyu. Ya so ya haɗa mini da akwatin, jan katako mai sheƙi da ke jingine a bayan ƙofa. Na ce mu ƙasa muke so ta taɓa mu. Ya girgiza kai. "Ku mutanen nan, a ba ku gida ku ce tabarma."

Mama Roza ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo har ƙofa, ta juya baya. Na yi wa Sabo wanka da butarsa, na yanka likkafani da almakashinta. A waje mazan ƙauye suka kwashe siminti har suka tarar da jar ƙasa. Na duba alƙibla a waya, na ga a can ta karkata arewa fiye da yadda muka saba, na ja musu layi a karkace. Suna haƙa suna tambaya. Me ya sa rami a cikin rami? Me ya sa ƙunci haka? Na ce don ya kwanta a gefen dama, fuskarsa na duban inda yake duba in yana salla. Wani ya ce, "Ashe ko a can ba ya hutawa." A gida da itace da fasassun tukwane muke rufewa. Nan suka saro mini gora, suka kawo ganyen ayaba.

Na tsaya ni kaɗai na yi masa salla. Da na yi sallama na waiga, sai na ga duk ƙauyen a tsaye nesa kaɗan a bayana, maza sun cire hula, ba mai motsi. Papa ya taimaka mini muka sa shi. Da aka gama, Mama Roza ta zo ta dubi tudun jar ƙasar, ba tayil, ba suna. Ta ce da wanta, ba tare da ta kalle shi ba, "Gefen fiyar nan, in lokacinka ya yi. Kai kaɗai. Kada ka sake kawo mini wani."

Da aka gyara gada ban nufi Gabon ba, me zan je yi? Papa ya raka ni bakin mota da bandir ɗin da na ƙi. Ya ce in kai shi ƙasar masu shi, in tambayi malamanmu yadda za a yi. Na kai wa wani malami a Gumel. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce a yi sadaka da shi da niyyar mai shi, duk inda yake. An yanka shi an suturta waɗanda ba su da mai suturta su. Na buga waya na gaya wa Papa. Ya ce saura butocin.

Amma kafin Gumel, Ɗanzomo na fara zuwa. Labari ya riga ni ta waya, an yi zaman makoki an tashi. Na sami Gwaggo a kan tabarma a inuwar darbejiya, idonta ya riga ya tafi, sai kunne. Ta gane takuna. Na durƙusa, muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Ba ta yi kuka ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"A ina ka bar ɗan'uwan naka?"

"A ƙofar gidan wani dattijo, Gwaggo. Ƙarƙashin inuwa. Kullum ana share wurin."

"An yi masa sutura?"

"An yi. Da halal."

"Fuskarsa fa?"

"Tana duban alƙibla. Ni na kwantar da shi."

Ta murza yatsuna.

"Shi da ba ya son zaman kaɗaici. Akwai kowa kusa da shi?"

Na ce, "Akwai maƙwabci, Gwaggo. Bai tare ba tukuna. Yana nan yana shiri."